Sana'ar cike takardun haraji a Amurka: karatun da doka ta nema da abin da ake samu

Daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu, duk wanda ya ratsa unguwannin baƙi a Amurka, kamar Bronx a birnin New York inda 'yan uwanmu na Gana da Nijar da Najeriya suke da yawa, zai ga ƙananan shaguna sun liƙa sanarwar cewa ana cike takardun haraji. Mutum zai shiga da ambulan ɗinsa cike da takardun albashi da rasit, ya zauna gaban mai kwamfuta, ya fito an faɗa masa nawa gwamnati za ta mayar masa ko nawa take binsa. Matasa da dama kan tambaya wane karatu ake yi kafin a zauna a wannan kujera.

Amsar takan ba mutane mamaki: a dokar tarayya ba a neman digiri, ba a neman difloma, ba a ma neman jarrabawa. Abin da hukumar haraji ta IRS ta wajabta tun 2011 shi ne duk mai karɓar kuɗi don cike wa wani takarda ya mallaki lambar shaida da ake kira PTIN. Ta intanet ake nemanta, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma wa'adinta na ƙarewa ranar 31 ga Disamba, sai a sabunta. Wanda yake sa ran cike takardu 11 ko fiye a shekara kuma, wajibi ne ya tura su ta intanet, wanda hakan ke buƙatar wata lambar daban mai suna EFIN, ita kuwa sai an binciki tarihin mutum kafin a ba shi.

Ba da son IRS ƙofar ta zama a buɗe haka ba. Hukumar ta taɓa kafa jarrabawa ta dole da karatun shekara-shekara, sai wasu masu sana'ar suka kai ta ƙara. A wannan shari'ar da ake kira Loving, kotu ta yanke a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2014, cewa hukumar ba ta da hurumi. Dokar da IRS ta dogara da ita ta 1884 ce, wadda aka yi don daidaita wakilan masu neman diyyar dawakai da dukiyar da suka rasa a yaƙin basasar Amurka. Kotu ta ce cike takarda daban, wakilci daban.

Sai dai wasu jihohi sun ja nasu layin. A Kalifoniya sai ka yi karatun awa 60, ka samo lamunin dala 5,000 da za a biya abokin hulɗa daga ciki idan ka cuce shi, ka yi rijista, sannan kowace shekara ka ƙara awa 20. Oregon ta fi tsanani: awa 80 da jarrabawar jiha. Maryland ma tana da jarrabawa, New York kuma tana neman rijista da karatun sabunta sani ga masu yin sana'ar. Don haka kafin ka rataye allo, fara duba dokar jihar da kake.

Ga wanda ya ɗauki abin da gaske akwai matakai biyu. Na farko shiri ne na sa-kai da IRS ta ɓullo da shi bayan shari'ar: karatun awa 18 a shekara, da gwaji a ciki. Wanda ya kammala zai shiga kundin da jama'a ke dubawa, kuma zai iya tsaya wa mutumin da ya cike wa takarda idan aka kira shi bincike, amma iya nan. Na biyu shi ne zama wakili mai rijista, wato EA, kuma shi nake ba kowane matashi shawara a kai. Jarrabawa ce kashi uku: harajin ɗaiɗaikun mutane, harajin kasuwanci, sai ƙa'idojin wakilci. Ba ta neman digiri, amma wanda ya ci yana da ikon wakiltar kowa a gaban IRS daidai da lauya da ƙwararren akanta, alhali shi akantan a al'adance sai ya shafe kusan shekara biyar a jami'a. Bayan an ci, akwai karatun awa 72 duk shekara uku.

Maganar kuɗi fa? Alƙaluman ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka na 2023 sun nuna matsakaicin albashin kusan dala 49,000 ne a shekara. Kada wannan adadi ya ruɗi kowa. Aiki ne na kaka. Sabon shiga a manyan kamfanoni irin su H&R Block awa-awa ake biyansa, kuma da Afrilu ta wuce aikin yakan ɗauke. Masu cin moriyar sana'ar duk shekara su ne masu haɗawa da riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi, ko masu EA, don wasiƙun IRS ba su san kaka ba.

Inda dokar take da haƙora shi ne bayan an sa hannu. Mai cikewa dole ya rattaba hannu ya rubuta lambarsa, in bai yi ba akwai tara a kan kowace takarda. Idan ya rage wa mutum haraji da hujjar da ba ta da tushe, tarar dala 1,000 ce ko rabin abin da ya karɓa, duk wanda ya fi yawa. Idan da gangan ne, dala 5,000 ko kashi 75 cikin 100.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu cikewa su ƙi sa sunansu. Za su ƙirƙiro 'ya'ya ko asarar kasuwanci don kuɗin da za a mayar ya kumbura, su yanki kasonsu, su ce kai ka sa hannu kamar kai ka cike. Bayan shekara biyu wasiƙa za ta iso, shagon ya zama wurin aski, kuma a doka mai takarda ne zai biya harajin da ruwan da ya hau kansa. Ga baƙon da ke neman zama ɗan ƙasa abin ya wuce kuɗi, domin ana duba tarihin harajinsa. Kafin ka sa hannu, duba ƙasan shafi na biyu na fom 1040, wato babbar takardar harajin ɗaiɗaikun mutane, wurin da aka ware wa mai cikewa. Idan babu suna da lambar PTIN a wurin, tattara takardunka ka tashi.