Dokar ƙafar gaba a tseren motocin IMCA Modified: abin da aka ƙulle da abin da aka bar wa makaniki

A Amurka akwai ɗaruruwan filayen tseren mota waɗanda ba a shimfiɗa musu kwalta ba, sai yumɓu da ake jiƙawa da ruwa a daddaɓe kafin a fara gasa. Filayen masu siffar ƙwai ne, yawancinsu daga rubu'in mil zuwa rabin mil, kuma ta hagu kaɗai motoci suke karya kwana a cikinsu. Daga cikin hukumomin da ke tsara wannan wasa, IMCA (International Motor Contest Association) ce mafi daɗewa, domin tun 1915 aka kafa ta. A 1979 ne Keith Knaack, mai tafiyar da hukumar a lokacin, ya ɓullo da rukunin motocin da ake kira Modified a garin Vinton na jihar Iowa, da nufin mai ƙaramin ƙarfi ya iya haɗa motar tsere ba tare da ya ci bashin da zai durƙusar da shi ba. Dokar da ta shafi ƙafar gaba tana cikin ginshiƙan wannan manufa, kuma wanda bai fahimce ta ba zai yi ta mamakin yadda motar da aka ƙera wa sabon jiki take tsaye a kan ƙafar motar gida ta shekaru hamsin da suka wuce.

Dokar ta fara ne daga firam, wato ƙashin ƙarfen da jikin mota yake zaune a kansa. Dole ya kasance na motar fasinja ƙirar Amurka, ta 1964 ko bayan haka, irin wadda tayoyin baya ne suke tura ta, kuma ba a yarda a faɗaɗa shi ko a tsuke shi ba. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya ba za ta gaza inci 108 ba, ba kuma za ta wuce inci 112 ba, sannan motar da direbanta ba za su gaza laba 2,450 ba, wato kimanin kilo 1,110. Firam ɗin Chevrolet Chevelle na 1968 zuwa 1972 ya yi farin jini ƙwarai a wajen masu haɗa waɗannan motoci, haka ma na matsakaitan motocin General Motors da suka fara fitowa a 1978.

Kowace tayar gaba hannaye biyu ne suke riƙe da ita, na sama da na ƙasa, kowanne mai baki biyu a jikin firam da kai ɗaya a wajen taya. Tsakaninsu akwai sifindil, wato ƙarfen da taya take juyawa a kansa, kuma boljoyin, wata gaɓa mai kai kamar ƙwallo, ne yake haɗa shi da kowane hannu. Ƙa'idar ita ce, kayan ƙafar gaba su zama na ƙarfe, irin na kamfanin da ya ƙera motar ko makwafinsu da aka amince da shi, ba a taɓa su ba, kuma suna zaune a inda kamfanin ya ajiye su. Saboda haka ba a matsar da mazaunin hannun ƙasa, ba a yanke hannun a ƙara masa tsawo, ba a kuma sa masa bushin (zoben da ƙusar mazauninsa take ratsawa) mai karkataccen rami wanda zai gusar da shi a ɓoye. Sitiyari ma haka ne: tsohon akwatin sitiyari ake amfani da shi a mazauninsa na asali, an haramta irin na zamani mai doguwar sanda mai haƙora. Sifindil kuwa sai na asali ko wanda hukumar ta amince da shi, shi ya sa samfurin ƙaramar motar nan Ford Pinto ya zama ruwan dare a filayen, duk da cewa an daina ƙera motar tun 1980.

Dalilin ƙulle ƙasan shi ne, a nan ne kuɗi yake sayen gudu. Da za a bar kowa ya zana hannun ƙasa da sifindil yadda ya ga dama, da mai hali ya ɗauki injiniya ya ƙera masa ƙafar da take riƙe taya daram a kowane hali, sauran kuma su koma 'yan rakiya. Da aka tilasta wa kowa tsohon tsarin motar gida, sai kowa ya gaji aibi iri ɗaya.

Sassaucin yana hannun sama. An yarda a cire na asali a sa na bututun ƙarfe, an kuma yarda a matsar da mazauninsa. Wannan 'yar kafa ita ce kusan dukkan gonar makaniki a gaban motar, kuma abin da ake nomawa a cikinta yana da yawa. Idan mota ta shiga kwanar hagu da gudu, nauyi yana komawa dama, tayar gaba ta dama ce kuma take ɗaukar kaso mafi tsoka, musamman a daidai lokacin da direba ya saki totur. Jikin motar yana kwantawa dama, idan kuwa tayar a miƙe take tun farko, sai ta koma tafiya a kan gefenta na waje, riƙonta ya ragu. Don haka ake karkata saman tayar dama zuwa ciki da 'yan digirori, ta hagu kuma a karkata samanta zuwa waje, domin idan motar ta kwanta su biyun su shimfiɗa tafinsu a ƙasa. Wannan shi ne kamba, kuma da tsawon hannun sama da faifan da ake cusawa a mazauninsa ake samun sa. Ta wannan hanya ce kuma ake saita kasta, wato jinginar layin da taya take juyawa a kansa zuwa baya. Ana ba dama fiye da hagu da gangan, sai motar ta riƙa neman hagu da kanta, direba ya samu sauƙi a hannu. Motar da aka yi wa irin wannan saiti ba za ta yi daɗin tuƙi a miƙaƙƙen titi ba, amma ba don shi aka haɗa ta ba.

Akwai wani abu da ido ba ya gani, wanda kuma ya fi waɗannan tasiri. Kusurwar hannun sama da ta hannun ƙasa su ne suke tantance wurin da gaban motar yake jingina a kansa idan zai kwanta. Idan wurin ya yi ƙasa, motar tana kwantawa sosai, sifirin da shokazoba su ɗauki aikin a hankali. Idan ya yi sama, nauyi yana faɗa wa tayar dama nan take ta cikin hannayen. Tun da an ƙulle hannun ƙasa, makaniki ba shi da abin wasa da shi sai kusurwar na sama da tsayin motar daga ƙasa, wanda ake ɗagawa ko saukewa da kusoshin da ke kan sifirin.

Duk wannan wahala ana yin ta ne saboda matsaloli biyu da direbobi suke kuka da su. Ta farko ita ce motar ta ƙi juyawa, a murɗa sitiyari amma gabanta ya ci gaba da turawa zuwa bango. Ta biyu ita ce bayanta ya kwace ya nemi wuce gaba. Abin da ya sa filin ƙasa ya fi na kwalta wuyar sha'ani shi ne yana canzawa a dare ɗaya: da farko yumɓun yana da danshi, yana kama taya, amma kafin a kai ga tseren ƙarshe ya bushe ya yi sulɓi har yana ƙyalli. Saitin da ya yi daidai da magariba yana iya zama abin takaici bayan sa'o'i biyu. Hatta ɗan buɗe bakin tayoyin gaba da ake yi, wanda yawanci bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci ba, yana iya sauyawa idan ƙafar ta nutse, domin tayarod, wato sandar da take kai motsin sitiyari ga taya, da hannun ƙasa ba sa bin lanƙwasa ɗaya, kuma dokar sitiyari ta rage hanyoyin gyara wannan.

A ganina dokar ta cim ma rabin burinta ne kawai a nan, domin kuɗin da aka hana shiga ta hannun ƙasa ya zagaya ya shiga ta shokazoba. Shokazoba ce take tantance saurin da nauyi yake sauka a kan tayar dama da kuma tsawon lokacin da yake zama a can, kuma masu sana'ar tsara cikinta sun gano haka tuntuni. Martanin IMCA shi ne ta kayyade shokazoba ɗaya ga kowace taya, ta ƙarfe, wadda ba a iya saita ta daga waje, da sifirin ɗaya na ƙarfe. Ta kuma ɗora mata tsarin fansa irin wanda ya sa ta shahara a kan inji: bayan an gama tsere, direban da ya cika sharuɗɗa yana da ikon ajiye wani ƙayyadadden kuɗi ya karɓi shokazobar ɗaya daga cikin waɗanda suka zo a sahun gaba. Wanda ya ƙi bayarwa yana asarar ladan da ya ci a daren da makinsa, kuma ana iya dakatar da shi. Hikimar a fili take, wato babu mai son kashe dukiya a kan abin da za a iya karɓe masa da araha, ko da yake direbobi da yawa suna jin nauyin yi wa abokin karawa haka, abin da yake rage wa tsarin kaifi.

Taya ma ɗaya ce ga kowa, Hoosier G60 mai hatimin hukumar. Masu bincike suna duba motocin da suka yi nasara, su auna, su leƙa ƙarƙashi, kuma binciken ya fi tsanani a babbar gasar Super Nationals da ake yi duk watan Satumba a garin Boone na Iowa. Ana sabunta littafin dokokin kowace shekara, kuma wasu hukumomi irin su DIRTcar da WISSOTA da USMTS suna da nasu littattafan, don haka shokazoba ko hannun da ya halatta a wani fili yana iya jawo a soke nasarar direba a filin da ke maƙwabtaka da shi.