Samfurin lissafi na kwaikwayo: me ake nufi, kuma ina ya shafi tsimin wuta a Damagaram?

Wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Dole ya san samfuri. Mai gero zai ɗebo kaɗan a tafin hannu ya miƙo maka, ka duba ƙwayar, ka san abin da ke cikin buhu ba tare da an zazzage shi ba. Abin da masu binciken makamashi ke kira samfurin lissafi ɗan'uwan wannan ne. Ƙaramin gari ne da ake ginawa da lambobi a takarda ko a kwamfuta, a zuba masa mutane da ƴan ƙa'idoji, sannan a zura ido a ga yadda wata ɗabi'a, kamar tsimin wutar lantarki ko barin itace a koma gaz, za ta bi gida-gida ko ta mutu a hanya.

Tushen maganar ba baƙo ba ne gare mu. Mun daɗe muna cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin da lissafi ya ƙara shi ne tambayar: zama na kwana nawa, kuma da maɗauka nawa?

Hanya ta farko aro ce daga masu nazarin annoba, waɗanda Kermack da McKendrick suka share wa fage a 1927. Ana kasa jama'a kashi-kashi: waɗanda ba su fara tsimi ba, masu yi, da waɗanda suka yi suka gaji suka koma gidan jiya. Idan kowane mai tsimi yana jawo fiye da mutum ɗaya kafin ya gaji, ɗabi'ar za ta yaɗu. Idan bai kai ɗaya ba, za ta lafa, komai yawan sanarwar rediyo.

Hanya ta biyu ce ta fi kama mini hankali. Mark Granovetter, masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya kawo ta a 1978, kuma da tarzoma ya yi misali. Bari mu mayar da ita unguwa. A ce gida 100 ne a wani lungu na Birni. Gida na farko zai sayi murhun gaz ko ba kowa ya saya. Na biyu sai ya ga gida ɗaya ya yi, na uku sai ya ga biyu, haka har na ƙarshe mai jiran 99. Na farko na sayen nasa, sauran za su biyo baya ɗaya bayan ɗaya har lungun ya cika. To yanzu a sauya abu guda tak: matar gida na biyu ta ce ita sai ta ga gida biyu. Shi ke nan, magana ta tsaya a gida ɗaya, 99 na nan kan itace. Unguwannin biyu kusan halinsu ɗaya, amma wanda ya zo daga waje zai ce waɗannan wayayyu ne, waɗancan masu taurin kai. Bai san cewa mutum guda ne ya raba su ba. Shi ya sa ba na yarda da saurin yanke wa talakawa hukuncin cewa ba sa son canji.

An kuma gwada abin a zahiri. A San Markos ta jihar Kalifoniya, wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna wa gidaje 290 yawan wutar da suke sha idan aka kwatanta da ta maƙwabtansu. Masu sha da yawa suka rage. Masu tsimi kuwa, da suka ga sun fi kowa kamewa, sai suka ƙara. Da aka zana musu ƴar fuska mai murmushi a takardar, alamar yabo, sai suka tsaya a kan tsiminsu. Daga baya kamfanin Opower ya riƙa aika irin wannan takarda ga dubban gidaje, ragin da aka samu ya tsaya wajen kashi 2 cikin 100.

Sai dai samfurin da aka ɗinka a Kalifoniya ba zai shige mu yadda yake ba. Can kowane gida da kwantarsa, wato na'urar ƙirga wuta, wuta kuma ba ta cika ɗaukewa ba. Nan mun ga abin da ya faru a watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta mayar ba sai Maris 2024. Wanda ke kwana a tsakar gida cikin zafin Afrilu saboda fanka ta tsaya, ba wa'azin tsimi yake bukata ba. Ga kuma gidajen haya inda ɗakuna da yawa ke kan kwanta ɗaya ta kamfanin wuta NIGELEC, a raba kuɗin a ƙarshen wata. Wanda ya kashe ƙwansa a irin wannan gida bai ga ribar ba, kuma lissafin da ya manta da haka ya ɓata tun daga tushe. Uwa-uba, makamashin da ya fi cin aljihun gida da dajinmu itace ne da gawayi, duk da cewa matatar SORAZ na fitar da gaz a arewa da gari tun 2011.

Akwai kuma batun gani. Ba a kwaikwayon abin da ido bai gani ba. Kashe fitila a uwar ɗaka ba mai shaida, amma tukunyar da ta nuna kan gaz a gidan suna, mata talatin sun gani. Kuma ido ba ɗaya ba ne. Masu lissafi na ba kowane mutum nauyi gwargwadon yadda ake jin maganarsa, don haka wanda zai gina wa Damagaram nata samfurin sai ya fara da sanin su wa ke da wannan nauyi: uwar adashi, limamin unguwa, da wanda ke riƙe da butar shayi a fadar samari.