Harsasan Igwa Mai Murɗaɗɗen Ciki na Yaƙin Basasar Amurka

Harsasan igwa mai murɗaɗɗen ciki dogayen harsasai ne na ƙarfe da aka ƙera domin igwoyin da aka yi wa tsaga a murɗe daga gindin bututu har zuwa bakinsa, kuma su ne suka fara maye gurbin dunƙulen ƙarfe mai siffar ƙwallo a tsakiyar ƙarni na 19. Mafi yawan waɗanda masu tara kayan tarihi suke nema sun fito ne daga filayen Yaƙin Basasar Amurka, wanda aka gwabza tsakanin jihohin arewacin ƙasar da na kudancinta daga 1861 zuwa 1865. Yaƙin ya zo daidai lokacin da maƙera ba su riga sun tsaya a kan siffa guda ba, kowa yana gwada tasa dabarar, shi ya sa ƙasar da aka yi yaƙin a kanta ta riƙe nau'o'i masu yawa waɗanda ba a sake ƙera irinsu ba bayan 'yan shekaru.

Matsalar da ta haifi nau'o'in

Tsagar da ke cikin bututu tana sa harsashi ya fita yana juyi kamar mazari, kuma juyin ne yake hana shi tuntsurewa a iska, ya yi nisa, ya faɗa inda aka auna. Faransa ta nuna amfanin wannan a yaƙin Solferino na 1859, inda harsasanta suke da 'yan ƙusoshin tutiya a jiki masu shiga cikin tsagar. Galibin igwoyin Amurka ta baki ake ɗura su. Dole ne harsashi ya fi bututu siranta kaɗan domin ya zura cikin sauƙi, kuma dole ne ya cika bututun ya kama tsagar a lokacin da albarushi ya tashi. Maganin da aka samo shi ne a ɗaura wa harsashin wani abu mai taushi, dalma ko tagulla ko ƙarfen ƙira ko takarda, wanda ƙarfin wuta zai buɗa ya cusa cikin tsagar. Masu igwa suna kiran wannan abu da wata kalmar Faransanci mai ma'anar takalmin katako, don haka takalmi za a kira shi a nan. Kusan duk bambancin da ke tsakanin harsasan wannan zamani a takalmin yake, saboda haka masani ba ya fara duba hancin harsashi, gindinsa yake juyawa tukuna.

Manyan nau'o'i

Wanda aka fi samu shi ne na Robert Parker Parrott, shugaban maƙerar West Point da ke garin Cold Spring a jihar Niyok. Jikin harsashinsa sumul yake, gindinsa kuma yana da zobe, na ƙarfen ƙira a farkon yaƙin, na tagulla daga baya. Asalin dabarar ta wani likita ce ɗan jihar Alabama, John B. Read, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1856, kuma da yaƙi ya raba ƙasar sai kowane ɓangare ya ci gaba da ƙera nasa, abin da ya sa harsashin Read na Kudu da na Parrott na Arewa suke kama da juna kamar wa da ƙane. Igwoyin Parrott sun kama daga mai harba harsashi mai nauyin laba 10 har zuwa mai harba na laba 300, wadda faɗin bakinta ya kai inci 10.

Harsashin Hotchkiss kashi uku ne: jiki, da ƙoƙon ƙarfe a gindi, da ɗamarar dalma a tsakaninsu. Idan aka harba, ƙoƙon yakan dannu gaba ya matse dalmar, ita kuma ta kumbura ta shiga tsagar. Da yawa daga cikinsu suna da kwarmi uku a tsaye a jiki, waɗanda aka yi domin harshen wuta ya samu hanyar kaiwa ga lagwanin da ke hanci, wanda yake kunna albarushin da ke cikin harsashin. Sau da yawa a rabe ake tono shi, jiki a nan, ƙoƙo a can, dalmar kuwa ta tarwatse tun a iska.

Na John P. Schenkl, mazaunin Boston, shi ne mafi sauƙin ganewa, domin rabinsa na baya ya tsuke kamar mazurari, da layuka a tsaye. A kan wannan wutsiya ake sa takalmin takarda da aka jiƙa aka matse har ta yi tauri. Takardar takan wargaje da zarar ta fita daga baki, don haka ba ta raunata sojojin da ake harbi ta saman kawunansu, amma tana kumbura da damshi har ta ƙi shiga igwa, sannan tana toshe bututu sosai yadda wuta ba ta kaiwa hanci. Wannan ne dalilin da ya sa yawancinsu suke ɗauke da fiyus, wato abin kunna albarushin cikin harsashi, na tagulla mai tashi idan harsashin ya bugi wani abu. Takarda ba ta jure zama a ƙasa, don haka kusan duk wanda aka tono tsirara yake.

Charles T. James, tsohon sanata daga jihar Rhode Island, ya ƙera harsashi mai buɗaɗɗen gindi da haƙarƙarin ƙarfe, wanda masu tarawa suke kamanta shi da kejin tsuntsu. Ana lulluɓe haƙarƙarin da dalma da gwangwani da ƙyalle mai kitse, wuta kuma ta shiga ta ciki ta tura lulluɓin waje. Aibinsa shi ne lulluɓin yakan yage ya watsu a kan sojojin mai harbin. Duk da haka ya bar tarihi a sansanin Pulaski da ke kusa da Savannah a jihar Jojiya, inda a ranakun 10 da 11 ga Afrilun 1862 igwoyin James da na Parrott suka huda bangon bulo mai kaurin ƙafa bakwai da rabi daga nisan kimanin mil guda, har masu tsaronsa suka miƙa wuya cikin sa'o'i 30. Har yanzu ana ganin wasu harsasan a maƙale cikin bangon. Shi kansa James ya rasu a Oktoban wannan shekara, bayan wani harsashi ya fashe a wurin gwaji.

Na Joseph Whitworth na birnin Manchester a Ingila ba shi da takalmi ko kaɗan. Bututun igwarsa mai kusurwa shida ne a murɗe, harsashin ma haka aka sassaƙa shi, ya dace da bututun kamar wuƙa da kube. Kaɗan ne daga cikin igwoyinsa suka ƙetare shingen jiragen ruwan Arewa suka isa Kudu, biyu daga cikinsu sun yi aiki a yaƙin Gettysburg a Yulin 1863, kuma ƙarancinsu ya sa harsasansu suna cikin waɗanda aka fi so. Akwai wasu nau'o'in da dama, irin su Dyer da Archer da Mullane da Brooke, kowanne da nasa gindin.

Yadda ake karanta harsashi

Awo shi ne matakin farko, kuma ana yin sa a inda tsatsa ba ta ci ba, domin tsatsa tana ƙara kauri a wani wuri ta rage a wani. Bambancin da ido ba ya gani yana iya zama babba: igwar Parrott mai laba 10 ta fara da baki mai inci 2.9, a 1863 aka mayar da shi inci 3 domin ya yi daidai da na igwar da kamfanin Phoenix na jihar Fensilbaniya yake ƙerawa, tunda harsashin inci 3 yana maƙalewa a tsohon bututun. Mai laba 20 tana da inci 3.67, mai laba 30 kuma inci 4.2. Nauyi yana bayyana abin da ke ciki. Akwai curi guda na ƙarfe marar rami, na rushe bango da karya igwar abokin gaba, akwai mai rami cike da albarushi, akwai kuma mai siririn bango da aka cika da ƙananan ƙwallayen dalma ko ƙarfe, irin wanda hafsan Birtaniya Henry Shrapnel ya ƙirƙira.

Shaida mafi ƙarfi ita ce tambarin da tsagar bututu ta bari a jikin takalmi. Kamar yadda a dā tsagar fuska take faɗin asalin mutum kafin ya buɗe baki, haka wannan tambari yake faɗin igwar da harsashi ya fito daga cikinta. Layuka uku masu faɗi na Parrott mai laba 10 ne, bakwai na igwar Phoenix mai inci 3, goma sha biyar kuma na igwar James mai inci 3.8. Takalmin da ba shi da tambari galibi yana nuna ba a harba harsashin ba, ya faɗi ne daga akwati ko an yar da shi a lokacin gudu. Tun da rahotannin hafsoshi sun rubuta irin igwoyin da kowace ƙungiya take da su da inda ta tsaya, tambarin da wurin da aka tsinci harsashin sukan isa a ce ga ƙungiyar da ta harba shi.

Aikin Kudu yana da nasa alamun. Maƙerunta, irin su Tredegar da ke Richmond da ta Selma a Alabama, sun fi amfani da jan ƙarfe wajen takalmi da murfin fiyus, harsasan kan zo da ɗan rami a tsakiyar gindi inda injin sassaƙa ya riƙe su, wasu kuma da ɗamara biyu masu ɗan tudu, domin su kaɗai ake gogewa a rage aiki. Amma wanda ya ƙera ba lallai ne shi ya harba ba, domin sojojin Kudu sun yi ta amfani da igwoyi da harsasan da suka ƙwace. Fiyus ma yana taimakawa, ko toshiyar katako ce da lagwanin takarda, ko murfin tutiya irin na Parrott, ko tagulla mai ɗauke da sunan maƙeri da ranar rajista. Sabon shiga kuwa yakan ɗauki ƙarfen da ake rataya wa tsofaffin tagogi don nauyi a matsayin harsashi, a kasuwa kuma ana samun waɗanda aka cike ramukansu aka shafe da fenti, ko aka ɗora musu fiyus na wani nau'in.

Tarawa da doka

Manoma da tsofaffin sojoji ne suka fara tsintar waɗannan kaya tun ƙurar yaƙi ba ta lafa ba. Harkar ta bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da na'urorin gano nakiya na soja suka shiga hannun farar hula, sannan bukukuwan cika shekara ɗari na 1961 zuwa 1965 suka ƙara mata jama'a. Wuraren da aka daɗe ana ruwan wuta, irin su Vicksburg da Petersburg da Charleston, su ne suka fi ba da harsasai. A yau dokar tarayya ta 1979 mai kare kayan tarihi ta haramta tono a filayen gwamnatin tarayya ba da izini ba, an kuma hana amfani da na'urar gano ƙarfe a filayen yaƙin da hukumar gandayen ƙasa take kula da su. Abin da ya rage wa masu tono shi ne gonakin mutane, da yardar mai gona da bin dokar jiha.

Tsakanin masu tarawa da masana binciken kayan ƙasa akwai tsohuwar jayayya. Masu tarawa ne suka rarrabe yawancin nau'o'in da aka sani, suka kuma ceci kaya da yawa daga wuraren da gine-gine suka cinye, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma harsashin da aka cire ba tare da an rubuta wurinsa da zurfinsa da inda hancinsa ya fuskanta ba ya rasa rabin labarinsa, kuma a wannan gaɓar hujjar masanan ta fi nauyi.

Haɗari da adanawa

Albarushin da ke kulle cikin ƙarfe ba ya mutuwa don ya tsufa. A Fabrairun 2008 wani gogaggen mai tarawa a jihar Birjiniya ya rasa ransa lokacin da harsashin sojan ruwa da yake gyarawa a ƙofar gidansa ya fashe, har wani ɓangarensa ya faɗa wa wani gida mai nisa. A Fabrairun 2023 an tono harsashi mai rai a tudun Little Round Top na Gettysburg yayin aikin gyara, aka rufe hanyoyi, sojoji masu kwance bam suka ɗauke shi suka tarwatsa. Ƙa'idar hukumomi ita ce kada a taɓa, a yi wa wurin alama, a sanar da 'yan sanda. Harsasan da suka zo daga baya, masu siririyar ɗamarar jan ƙarfe irin na Yaƙin Duniya na Ɗaya da garma take fitarwa duk shekara a Beljiyam da arewacin Faransa, sun fi haka muni, domin abin fashewarsu ya fi albarushi ƙarfi, wasu kuma guba ce a cikinsu.

Wanda aka tabbatar babu komai a cikinsa, tsatsa ce abokiyar gabarsa. Gishirin da ya shige cikin ƙarfe yakan ci gaba da ci bayan an fito da shi iska, musamman wanda aka tsamo daga teku, wanda zai iya tsattsagewa idan aka bar shi ya bushe haka nan. Masu adana kayan tarihi sukan jiƙa shi cikin ruwa mai sinadari irin na kanwa, su bi da ƙaramar wutar lantarki na tsawon makonni ko watanni har gishirin ya fita, sannan su busar da shi su rufe da kakin zuma ko makamancinsa. Takalmin dalma da na tagulla da hannu ake share su a hankali, ba a goge su da burushin ƙarfe, domin tambarin tsagar a fatarsu yake.