Me gumakan Fir'auna ke yi a gidajen attajiran Ingila?

Wai da gaske akwai masu ajiye gumakan Masar a gidansu?

Sosai ma. A ƙarni na 19 masu sarautar Ingila sun yi wannan harkar, kowa da katafaren gidansa a karkara, kuma ba bauta musu suke ba, nuna isa ne kawai. Ɗauki Lord Amherst, a gidansa Didlington Hall da ke Norfolk ya jera mutum-mutumin Sekhmet har guda bakwai, wannan mai jikin mace da kan zaki, na baƙin dutse, a waje fa, abun da aka sassaƙa dan ranar Masar yana zaune ruwan Ingila na dukansa. Akwai wani yaro ɗan mai zane da ke zuwa gidan yana ƙare musu kallo, iyalan Amherst ɗin ne suka yi mai hanya ya tafi Masar yana shekara 17, toh shine Howard Carter da ya gano kabarin Tutankhamun a 1922.

Ta ina suka samo su?

Wasu a hannun dillalai, wasu da ƙafarsu suka je. William Bankes ya ga wani dogon ginshiƙin dutse a tsibirin Philae yace sai ya kai gida, ya sa wani ɗan Italiya mai suna Belzoni ya ɗauko, garin lodi ya subuce ya faɗa kogin Nilu sai da aka tsamo shi da ƙyar. Ya iso Ingila a 1821, har yau yana nan tsaye a lambun gidansa Kingston Lacy.

Wannan ba sata bace?

Ya danganta da lokacin. Tun 1835 mai mulkin Masar Muhammad Ali Pasha ya hana fitar da kayan tarihi, amma dai ana ta fita da su, wasu da izinin hukuma wasu ta bayan fage, sai a 1983 Masar ta haramta cinikinsu gaba ɗaya. Ni dai a ganina takardar izini da aka karɓa lokacin da mai ƙasa ba shi da ta cewa, ba ta wanke kowa ba.

Yanzu suna ina?

Galibi sun watse, dan idan aljihu ya yi sanyi su ake fara ɗagawa. Sekhmet ɗin Amherst suna gidan tarihi na Metropolitan a New York. Amma wanda ya fi tayar da ƙura shine mutum-mutumin Sekhemka, wani magatakarda a zaune da takarda a cinyarsa, matarsa ƴar ƙarama a gefen ƙafarsa. Dangin Marquess na Northampton ne suka kawo shi, ya daɗe a gidan tarihin garin, sai a 2014 hukumar garin ta kai shi gwanjo a Christie's aka saye shi sama da fam miliyan 15. Masar ta yi ta ƙorafi a banza, mai sayen ko sunansa ba a bayyana ba.