Koyarwa ta sa kai a makarantar mishan ta Nijar: tambayoyi da amsoshi

Matasan ikilisiyoyinmu da suka gama NCE ko digiri suna yawan tambaya kan tafiya wata ƙasa su koyar a makarantar mishan ba albashi. Wani kira yake ji a zuciyarsa, wani zaman jiran aiki ne ya ishe shi, wani kuma duka biyun suka haɗu masa. Na ɗauki Jamhuriyar Nijar a nan domin ita ce ƙasar wajen da mai jin Hausa zai fi saurin shiga ya amfanar, kuma ita ce aka fi sakaci da shirinta, ana cewa ai gida ne.

Wai mene ne wannan aikin, kuma sabon abu ne?

Malami ne zai bar ƙasarsa na wani lokaci da aka ƙayyade, ya je ya koyar a makarantar da wata ikilisiya ko ƙungiyar mishan ke riƙe da ita, a ba shi ɗaki da ɗan alawus na ci da sha, amma ba albashi. Ba sabon abu ba ne a wurinmu, sai dai a da mu ake zo wa. Mishan ta SUM ta buɗe makarantar Gindiri a 1934, mishan ta 'Yan'uwa da ta sauka Garkida a 1923 ta buɗe Hillcrest a Jos a 1942, sannan makarantun Waka a Biu a 1952. Daga 1962 ƙungiyar MCC ta Menonayit ta riƙa turo malamai matasa daga Amurka da Kanada zuwa makarantun Afirka, har da na Najeriya. Iyaye da kakannin mutane da yawa a Filato, Adamawa da kudancin Borno a hannun irin waɗannan malamai suka yi karatu. Mu ma mun daɗe da fara aikawa, domin EMS, sashen bishara na ikilisiyar ECWA, tun 1948 yake tura ma'aikata da baikon ikilisiyoyin gida.

Waɗanne irin makarantu zan tarar a can?

Ba iri ɗaya ba ne, kuma ya kamata ka san wadda ake kiranka zuwa cikinta. Mishan ta SIM ta shiga Nijar ta Damagaram a 1924, ta kafa asibitin Galmi a 1950, daga aikinta kuma ikilisiyar EERN ta fito. Akwai makarantun firamare na ikilisiya irin ta Tsibiri kusa da Maraɗi, masu bin manhajar gwamnatin ƙasar. Akwai na Katolika, irin su Mariama a Yamai, wadda ta yi suna wajen ingancin karatu. Sai kuma Sahel Academy a Yamai, wadda SIM ta kafa domin 'ya'yan ma'aikatan mishan da na baƙi, ita da Ingilishi ake karatu. Ambaliyar kogin Kwara ta cinye harabarta a 2012, ta sake cinye ta a 2020.

Abin da ya fi muhimmanci ka riƙe shi ne wannan: bisa ƙidayar 2012, Kirista a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ke nan a makarantun ikilisiya masu bin manhajar ƙasa, yawancin yaran da za su zauna a gabanka 'ya'yan Musulmi ne.

Ina jin Hausa kamar jakin Kano, ai ya wadatar ko?

A kasuwar Maraɗi, Tawa ko Damagaram, ya wadatar har ya yi saura. A cikin aji bai wadatar ba. Tsarin karatunsu na Faransa ne: firamare shekara shida daga ajin CI zuwa CM2, sai kwaleji shekara huɗu a rubuta jarrabawar BEPC, sai lise shekara uku a rubuta bakaloriya. Dokar da gwamnatin soja ta fitar a 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, amma littattafan da ke hannun yara da jarrabawar da za su rubuta ba su sauya dare ɗaya ba. Rajistar aji, katin sakamako, taron malamai, ziyarar sufeto, duk Faransanci za ka ci karo da shi. A Yamai ma Zabarmanci za ka fi ji a unguwanni da yawa.

Saboda haka abin da ɗan Najeriya ya fi kawowa mai daraja shi ne Ingilishi a matakin kwaleji da lise. In kana son koyar da lissafi ko kimiyya, sai ka fara zuwa Alliance Française ko ƙauyen Faransanci na Badagry, ka samu takardar DELF ta shaidar iya Faransanci, aƙalla matakin B1. Hausar kanta sai ka sake buɗe kunne. Yara za su kira ka mushe, makaranta kuma lakwal. Mai tumatir za ta ce maka dala ashirin, tana nufin sefa ɗari, domin dala ɗaya sefa biyar ce, jikka kuma sefa dubu. Sati biyu ko uku za ka kama wannan, kada ya dame ka.

Ba ni da takardar koyarwa, amma ina da zuciyar yi wa Ubangiji aiki. Zan iya tafiya?

Ɗan'uwa, zuciyarka abin godiya ce, amma amsata a'a ce, ba a matsayin malamin aji ba. A Najeriya NCE ce mafi ƙarancin takardar da doka ta yarda a koyar da ita, ga kuma rajista da TRCN, hukumar yi wa malamai rajista. Idan ba za a ba ka aji a Kagoro ko Numan ba, da wane dalili za a ba ka a Dogon Dutse? Yaran can ba su fi namu araha ba.

Ka kwatanta ƙarfe goma sha ɗaya na safe a watan Afrilu, zafi ya haura digiri arba'in, rufin kwano yana turiri, yara sun cika benci har wasu na zaune a gefen tagar. Kowa da ɗan allonsa da guntun alli. Ka yi tambaya, alluna suka tashi sama gaba ɗaya, wasu daidai, wasu ba daidai ba, wasu uku a baya ko rubutu ba su yi ba. Wanda ya koyi sana'ar zai duba sau ɗaya ya gane inda bayanin ya kuɓuce, ya sake shi ta wata hanya, ya lura da ukun nan na baya ba tare da ya kunyata su ba. Wanda bai koya ba zai ɗaga murya, in abin ya ƙi ya ɗauki bulala. Addu'a tana ƙarfafa malami, amma shirin darasi koyonsa ake yi. Idan kana da wata sana'a, kafinta ko ɗinki ko gyaran kwamfuta ko aikin jinya, faɗa wa masu makarantar gaskiya, wataƙila ma ita suka fi buƙata.

Wata nawa ya kamata in yi?

Mafi ƙaranci shekarar karatu guda, daga Oktoba zuwa Yuni. Biyu ta fi, domin shekarar farko rabinta koyo kake yi. Tafiyar sati uku a ce an je koyarwa, a ɗauki hotuna da yara a sa a Facebook, ba na goyon bayanta ko kaɗan. Ana karɓe aji daga hannun mai shi, a rikita masa tsari, yara su shaƙu da baƙo, sai ya tafi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba, ni kuwa ina ganin wajibi ce: gurbin wa zan shiga? Malamai da yawa a Nijar 'yan kwantiragi ne masu ƙaramin albashi, ga waɗanda suka gama karatu suna jiran aiki. Idan zuwanka kyauta zai sa a sallami magidanci mai mata da 'ya'ya, to abin da ka kai musu cuta ne. Ka tambayi shugaban makarantar kai tsaye. Inda ya kamata ka je shi ne inda aka nemi malamin wannan darasin aka rasa.

To wa zai ciyar da ni?

Yawanci makaranta ce ke ba da masauki, ikilisiyar da ta aiko ka kuma ta ɗauki alawus da kuɗin mota. A tsarin su SIM, ma'aikaci ne ke zagaya ikilisiyoyi da 'yan'uwa ya tara masu alkawarin tallafa masa wata-wata kafin a yarda ya tashi. Wannan ba bara ba ne, amma alkawarin da aka yi cikin zafin taron farkawa yakan huce bayan wata uku. Ka sa fasto da dattawa su rubuta abin da ikilisiya ta ɗauka, a sa hannu, zumuntar mata ma in sun yi alkawari a rubuta.

Da makarantar ma a rubuta yarjejeniya: darasi nawa a mako, wa ke biyan wuta da ruwa, wa zai biya asibiti in ka kwanta, yaushe ne hutu, wa zai biya kuɗin komawa gida in an yi rasuwa ko tarzoma ta tashi. Kunya takan hana mu tambayar irin wannan a aikin Allah, daga baya kuma a zo ana ɓacin rai. Ka nemi a ƙayyade alawus ɗinka da sefa. Ita a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, naira kuwa kowa ya ga yadda ta faɗi tun daga Yunin 2023. Abin da ya ishe ka ranar tashi yana iya kasa sayen buhun gero bayan wata shida.

Makarantar ikilisiya ce, ke nan zan yi wa'azi a aji?

A nan ne na fi son a tsaya a yi tunani. Alhajin da ya kawo 'yarsa makarantar mishan ya san ta Kirista ce. Ya kawo ta ne domin ya ji ana koyarwa da gaske, ba a yajin aiki, ba a sayar da maki. Amana ya ba ku. Abin da makarantar ta bayyana wa iyaye tun ranar rajista, ko addu'ar safe ce ko darasin Littafi Mai Tsarki ga masu so, shi ne iyakarka. Ka mai da darasin Ingilishi ya zama wa'azi a ɓoye, ko ka ja yaro gefe da alewa kana ce masa kada ya faɗa a gida, cin amana ne, kuma sunan Almasihu kake ɓatawa. Ba ina cewa ka ɓoye bangaskiyarka ba. In babba ya tambaye ka, amsa masa da gaskiya da ladabi. Shaidarka ta yau da kullum ita ce ka shiga aji kan lokaci, ka duba littafin kowane yaro, kada ka fifita ɗan fasto kan ɗan liman, ka je gaisuwar rasuwa da barkar suna a gidajen ɗalibanka, ka sassauta musu aiki a watan azumi.

Ka kuma tuna kai baƙo ne, za ka tafi, 'yan'uwan da ke can su za su zauna da abin da ka shuka. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, zanga-zangar adawa da zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram da Yamai, aka ƙona majami'u da yawa, mutum goma suka mutu. A cikin wannan tashin hankali akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista. Irin wannan zumunci shekaru aka yi ana gina shi, kuma kalma ɗaya ta garaje daga bakin baƙo tana iya tsinka shi. Ka bi shawarar fastocin wurin ko da ka ga kamar sun cika taka-tsantsan.

Batun kare yara ma yana nan. Kada ka keɓe da ɗalibi ko ɗaliba a ɗakinka da sunan ƙarin darasi, a yi shi a aji ƙofa buɗe. Makarantar da ta nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda da wasiƙar fastonka kafin ta karɓe ka, alama ce ta san abin da take yi.

Takardu da tsaro fa?

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba da damar shiga ba biza na kwana 90, amma wannan ziyara ce, zaman shekara yana buƙatar izinin zama, kuma makarantar ce ya kamata ta tsaya maka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka na watanni, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka ka tabbatar da ƙa'idar da ake bi a ofishin jakadancinsu kafin ka kama hanyar Jibiya ko Illela. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, ka yi allurar sanƙarau, ka tafi da gidan sauro.

Tsaro ba abin wasa ba ne. An sace Jeffery Woodke, Ba'amurke ma'aikacin agaji, a Abalak a Oktoban 2016, sai Maris 2023 aka sako shi. An ɗauke Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga kusa da iyakar Burkina Faso a Satumban 2018, ya shekara biyu a hannu. Jihohin Tillaberi da Diffa sun fi haɗari. Kamanninka da harshenka za su sa ka saje da jama'a fiye da Bature, amma kada ka yi tafiyar dare, kada kuma ka riƙa sanar da inda kake a intanet.

Ni Turai nake so, ba Nijar ba. Akwai hanya?

Akwai, amma ƙunƙuntacciya ce. Ingila tana da bizar aikin agaji ta wata 12, wadda sai ƙungiya mai lasisi ta ɗauki nauyinka, kuma ba a yarda a biya ka albashi ba. MCC tana da shirin YAMEN na shekara guda ga 'yan shekara 18 zuwa 30, ana shiga ta hannun ikilisiya ko ƙungiyar da ke hulɗa da su, amma yawanci ba Turai ake turawa ba. Gwamnatin Najeriya ma tun 1987 take tura malamai da likitoci ƙasashen waje na shekara biyu a shirin TAC, sai dai wannan ba na ikilisiya ba ne, kuma ba Turai ake zuwa ba. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp da sunan wata mishan yana neman kuɗin fom ko na biza a asusun mutum ɗaya, ɗan damfara ne. In kuma niyyarka ka shiga ka ɓace, kada ka fake da aikin Allah, domin ƙofar za ka rufe wa na bayanka.

Daga ina zan fara?

Daga fastonka da dattawan ikilisiyarku, su kai maganar ofishin bishara na ɗarikarku, su kuma su rubuta wa shugabannin ikilisiyar can. Kafin amsa ta zo, ka samu makaranta a nan gida ka koyar shekara guda kana karatun Faransanci da yamma. Idan an gayyace ka, ka nemi lambar wani malamin da ya taɓa yin aikin a makarantar ka ji daga bakinsa, in da hali kuma ka je ka kwana biyu ka ga ajin da ɗakin da idonka. Ka shirya isa a watan Satumba, domin ka zauna da malaman wurin ku raba darussa kafin yara su dawo a Oktoba.