Ku daina cewa "da" (wato "i") ga umarnin da ba ku fahimta ba

Ina aikin jinya a wani asibiti a birnin Zagreb na ƙasar Kuroshiya, kuma saboda ina jin Hausa, duk lokacin da aka kawo wani ɗan'uwanmu daga wurin gini ko ɗakin ajiyar kaya ni ake kira in yi tafinta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani saurayi da aka kawo mana da yatsu biyu a murƙushe. Suna ɗauke da ƙarfe mai nauyi shi da abokinsa, sai shugaban aiki ya daka tsawa ya ce "spusti", wato a sauke a hankali, abokin kuwa ya ji kamar "pusti", wato saki, nan take ya saki. Da na tambayi abokin ko ya san bambancin kalmomin biyu, sai ya sunkuyar da kai ya ce tun zuwansa duk abin da aka faɗa masa "da, da" kawai yake amsawa.

Wannan "da" ɗin, wadda a harshen Kuroshiya take nufin "i", ita ce ɗabi'ar da ta ishe ni. 'Yan'uwa, na san dalilinku: kuna tsoron a ce ba ku iya aiki ba, kuna tsoron rasa takardar izinin zama, kuma an rene mu a kan cewa babba ba ya magana sau biyu. Amma mutumin da ya gyaɗa kai ga umarnin da bai gane ba ya yaudari mai ba da umarnin, domin shi zai juya baya yana da yaƙinin an fahimce shi, ya kunna inji ko ya ɗaga kaya. Tun da ƙasar ta shiga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake ratsawa ba tare da binciken kan iyaka ba, ta kuma karɓi kuɗin yuro a farkon 2023, baƙin ma'aikata daga Nefal da Indiya da Filifin sun cika wuraren aiki, saboda haka babu shugaban aikin da zai yi mamakin ganin wanda bai iya harshen ba tukuna.

Umarni a harshen Kuroshiya ba shi da wahalar ganewa. Idan da mutum ɗaya ake, kalmar takan ƙare da i ko j: "stani" tsaya, "pazi" yi hattara, "drži" riƙe, "dođi" zo, "čekaj" jira. Idan da mutane da yawa ake, ko da wanda ake girmamawa, sai a ƙara "te" a ƙarshe, a ce "stanite", "pazite", "čekajte", kamar yadda mu ma muke ce wa dattijo "ku zauna" maimakon "zauna". Harafin j ana furta shi kamar y, č kamar c ɗinmu na Hausa, đ kuma kusa da j ɗinmu, don haka "čekaj" a kunne "cekay" ce. Wadda na fi so ku riƙe ita ce "nemoj", ko "nemojte", domin ita ce "kada" ta harshensu, kuma ita ce mutanenmu suka fi tsallakewa. Wani bawan Allah likita ya ce masa "nemojte jesti" kafin gwajin jini, wato kada ya ci abinci. Shi kuwa kalmar "jesti" kaɗai ya cafke, ya ce "da", ya cika cikinsa da burodi da shayi da safe, aka mayar da shi gida, ya yi asarar aikin yini guda. Da ranar tiyata ce da aka ba da wannan umarni, da maganar ta wuce asarar kuɗi.

A ɗakin likita ma haka nake gani kullum. Ana cewa "lezite", ku kwanta, ko "dišite duboko", ku ja dogon numfashi, mutum yana tsaye yana murmushi yana "da". Wallahi wannan murmushin yana ɓata mini rai, duk da cewa na san tsoro ne a ƙarƙashinsa. Iyayenmu sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai ga shi mun tsallake teku mun bar maganar a gida.

Ku ma kuna da ikon roƙo da wannan siga, muddin kun haɗa da "molim vas", wato don Allah. Ku haddace waɗannan yau, kada ku bari sai gobe: "ne razumijem", ban gane ba, "ponovite, molim vas", ku maimaita, "govorite sporije", ku yi magana a hankali, "pokažite mi", ku nuna mini. Idan haɗari ya auku, ku ɗaga murya ku ce "zovite hitnu", a kira motar asibiti, ko ku buga 194 ko 112 da kanku.