Haɗarin mota a Kano: abin da doka ta ɗora wa direba da haƙƙin wanda aka ji wa rauni

Da zarar mota ta buge ɗan sahu ko mai tafiya a ƙasa, a titin Zariya ne ko a Kurna, jama'a za su taru, kuma kalmar farko da za a ji ita ce "ƙaddara ce". Gaskiya ne, babu abin da zai faru sai da ikon Allah. Sai dai ƙaddara ba ta ɗauke wa mutum nauyin ɓarnar da ta auku ta hannunsa, kuma a kan wannan dokar ƙasa da shari'ar Musulunci bakinsu ɗaya. Haɗari guda yana haifar da magana uku: laifi tsakanin direba da hukuma, diyya tsakaninsa da wanda ya ji rauni, sai kuma inshora. Mutane da yawa suna kashe ɗaya a bakin titi su ɗauka sun kashe duka, daga baya magana ta dawo ɗanya.

Abu na farko da doka ta wajabta wa direba shi ne ya tsaya, ya taimaka a kai mai rauni asibiti, ya ba da sunansa da adireshinsa da lambar motarsa, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ba tare da ya wuce awa 24 ba. Rashin kai rahoto laifi ne mai zaman kansa, ko da daga baya bincike ya nuna ba direban ne da kuskure ba. Mun san abin da ke sa wasu gudu: tsoron a far musu, musamman direbobin tirela da tifa. In har ka ga ranka yana cikin haɗari, ka nufi caji ofis mafi kusa kai tsaye ka faɗi abin da ya faru da inda ya faru. Wanda ya yi haka ya kai rahoto. Wanda ya wuce gida ya ɓoye mota a gareji ya gudu, kuma gudun zai zame masa hujja a kansa ranar da aka gano lambarsa. Su kuma masu dukan direba ko cinna wa mota wuta, su sani laifi ne babba suke aikatawa, sannan suna ƙona shaidar da mai raunin zai dogara da ita.

Lambar kiran FRSC kyauta ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. Kafin taimako ya iso, a danne wurin da jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta, kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa, kada kuma a naɗe wanda ke kukan wuya ko baya a cusa shi a adaidaita sahu. A ɗauke shi a miƙe, mutum ɗaya yana riƙe da kansa. Mugun ɗauka yana iya mayar da karayar da za ta warke ta zama shanyewar jiki.

Akwai tsohon tsoro cewa asibiti ba zai karɓi mai haɗari ba sai da takardar 'yan sanda. Doka ba ta ce haka ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma wanda ya saɓa yana iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Dokar FRSC ta 2007 ma ta sa ƙin karɓar mai haɗari cikin jerin laifuka. Wannan ya shafi asibitin gwamnati da na kuɗi. A cikin birni, Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano suna da sashen gaggawa, karaya mai wuya kuma akan tura ta Asibitin Ƙashi na Dala.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi magana a kan ɗori. Ba mu raina masu ɗorin gargajiya ba, amma ta fuskar doka wanda aka wuce da shi wurin mai ɗori kai tsaye ya rasa abu uku: hoton ƙashi, rahoton likita, da rasit. Kotu ba ta ƙiyasta kuɗin magani da ka. Duk abin da mutum ya ce ya kashe sai ya kawo shaidarsa dalla-dalla, daga kuɗin kati zuwa na tiyata da na motar zuwa asibiti. Haka kuma in ƙafa ta lalace bayan wata biyu, ɓangaren direba zai ce ɗorin ne ya lalata ta, ba bugun motar ba. Ga kuma raunin da ba a gani: mutum ya tashi ya karkaɗe riga ya ce lafiya lau, alhali jini yana zuba a ciki ko a ka. Ko babu ƙwarzane, a je likita ya duba a ranar, a karɓi takarda.

Kafin a janye motoci daga titi, a ɗauki hoto da waya: yadda suka tsaya, lambobinsu, sawun birki a kwalta, danja ko alamar hanya in akwai. A karɓi lambar wayar mutum biyu da suka ga abin da idonsu, domin cikin minti goma taron zai watse. Jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kano, za su so a buɗe hanya, kuma aikinsu ke nan, amma binciken haɗarin da aka ji rauni ko aka rasa rai na sashen 'yan sanda masu kula da zirga-zirgar motoci ne, wato MTD. Su ne ke zana taswirar wurin, su nemi direbobi su sa hannu. Kada ka sa hannu sai ka duba ka ga zanen ya yi daidai da abin da ke ƙasa. Daga nan jami'in binciken lafiyar motoci, wato VIO, zai duba motar: birki, sitiyari, fitilu, tayoyi. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma FRSC tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare. Direban da ya ce taya ce ta fashe masa bai tsira ba in aka duba aka ga tsohuwa ce, don kula da lafiyar mota yana wuyansa.

Ba kowane haɗari ne laifi ba. Abin da ake dubawa shi ne ko an yi tuƙin ganganci ko sakaci: gudun da ya wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, bin hannun da ba naka ba, tsallake danja, waya a kunne, tuƙi cikin maye, ko tuƙi babu lasin. Dokar FRSC ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai ga wanda ya yi sanadin mutuwar wani ta hanyar tuƙin ganganci. Lasin kuwa sai mai shekara 18, saboda haka uban da ya ba ɗan shekara 15 makulli ranar biki ko ranar Sallah ya sa kansa cikin magana tun kafin motar ta bar ƙofar gida.

Direba ma yana da haƙƙi. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wanda ya zaɓa, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda a birnin Kano akwai. Belin 'yan sanda kyauta ne a doka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama ɗan'uwa ko mata a madadin wanda ake nema. In aka rubuta maka jawabi da Turanci, ka nemi a karanta maka a fassara kafin ka sa hannu.

Inshora ita ce wurin da aka fi tafka asara ba dalili. Tun da daɗewa doka ta wajabta wa duk mai abin hawa ya mallaki inshorar da ke biyan ɓarnar da ya yi wa wasu. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, adaidaita sahu kuma naira 5,000 da iyakar miliyan 2. Rauni da mutuwa lissafinsu daban ne, ba sa cikin wannan iyaka. Tun Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta bincikenta a hanya. Matsalar ita ce da yawa daga takardun da ake haɗa wa mutane a wurin sabunta takardun mota na bogi ne, sai ranar haɗari ake ganewa. Danna *565*11# a waya, ka sa lambar motarka, za ka ga ko tana cikin rumbun bayanan kamfanonin inshora. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful masu lasisi da ke ba da irinta bisa tsarin Musulunci.

Wannan inshora ba ta gyara motarka kai mai ita, ta wanda ka buga take gyarawa. Kuma tana da sharuɗɗa. Ka sanar da kamfanin da wuri, a rubuce. Kada ka rubuta takardar amsa laifi ko alkawarin biyan wani adadi ba da saninsu ba. Kada a kai mota wurin mai gyaran jiki sai sun turo an duba ɓarnar. Za su nemi rahoton 'yan sanda, lasin, takardun mota, hotuna, ƙiyasin kuɗin gyara, da rahoton likita. Motar da aka yi wa inshorar gida aka shiga kabu-kabu da ita ta saɓa yarjejeniya, kamfani zai iya kafa hujja da wannan.

Wanda aka ji wa rauni yana iya neman kuɗin magani, kuɗin da ya rasa na kwanakin da bai fita nema ba, da diyyar wahala ko naƙasa. Ba direba kaɗai ake kai ƙara ba. In direban ma'aikacin wani ne kuma yana kan aikin maigidansa lokacin da abin ya faru, mai motar ko kamfanin yana shiga ciki, kuma galibi a can ne ake samun abin biya. In mai raunin ma yana da nasa sakacin, kamar wanda ya tsallaka titi a guje ga gadar masu tafiya a kusa, kotu tana rage abin da za a ba shi gwargwadon kuskurensa, ba ta hana shi gaba ɗaya. Ƙara tana da wa'adi, mafi gajarta kuma shi ne na motar hukuma, inda dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal. Marar halin ɗaukar lauya ya je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, domin dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙararrakin haɗari.

Ga Musulmi, ran da aka rasa a haɗari kisan kuskure ne in akwai sakacin direba, kuma aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu: diyya ga magada, da kaffara, wadda a yau azumin wata biyu ne a jere. Cikakkiyar diyya raƙumi 100 ce ko dinari 1,000 na zinare, shi ya sa adadinta a naira yake hawa da sauka da farashin zinare. Gaɓoɓi ma suna da tasu diyyar: hannu ɗaya ko ido ɗaya rabin diyya, yatsa kashi ɗaya cikin goma. A mazhabar Malikiyya, abin da ya kai sulusin diyya dangin mai kuskuren ne ke haɗuwa su biya. Magada suna da ikon yafewa, kuma yafiya alheri ce, amma tana sauke diyya ne kawai, kaffara tana nan. Abin da ke damunmu shi ne yadda baffa ko kawu kan miƙe a zaman makoki ya ce "mun yafe", alhali mamacin ya bar marayu ƙanana. Diyya gado ce, kowane magaji da rabonsa, babu mai kyauta da rabon maraya.

Sulhu ya fi shari'a sauƙi, kuma yawancin haɗurran Kano da shi suke ƙarewa. A rubuta shi: sunayen ɓangarori, lambar mota, ranar haɗari, adadin kuɗi da ranakun biya, da ko ya haɗa da maganin da zai biyo baya. Kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu, mai unguwa ko limami in ya samu, kowa ya riƙe kwafi. Kada mai rauni ya sa hannu a kan cewa magana ta ƙare alhali yana kan gado likita bai faɗi iyakar raunin ba. In kuma an riga an shigar da tuhumar tuƙin ganganci, takardar sulhu ba ta kashe ta da kanta. Sai a kai ta gaban mai gabatar da ƙara da alƙali, su ne ke da ikon janyewa ko sassautawa.